Daga Bariki Zuwa Teburin Zane: Darasi Ga 'Yan Kasuwa

Sanin kowa ne cewa a ƙasar nan, da zarar soja ya tuɓe kaki, aikin da akasarin masu kamfanoni ke tuna shi da shi bai wuce gadi ba. A ganinmu wannan asara ce ga tsohon sojan da kuma 'yan kasuwa baki ɗaya, kuma tarihin wani mutumin Ingila, Abram Games, ya isa hujja.

An haifi Games a birnin Landan a 1914, ya kuma fara zanen talla tun yana saurayi. Aka ɗauke shi soja a 1940, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya fara a matsayin farabiti. Da hukumomin soja suka gano baiwarsa, sai suka mayar da shi Ma'aikatar Yaƙi, inda ya zana fastoci kimanin 100 masu gargaɗin sojoji game da sakin baki, da kiran jama'a su noma abincinsu, su kuma ba da gudummawar jini.

Bayan an sallame shi a 1946, sai ya koma sana'arsa yana cin gashin kansa. Shi ya zana ɗaya daga cikin kan sarkin wasannin Olamfik na 1948, da tambarin Bikin Birtaniya na 1951, da alamar talbijin ta BBC a 1953. Kamfanoni irin su Shell da jaridar Financial Times duk sun nemi aikinsa. Dabararsa ita ce ya fara gwada zane ɗan ƙarami, domin saƙon da bai fito fili a ƙaramar takarda ba, ba zai fito a allon bakin titi ba.

Haka nan bai bari sana'a ta cinye rayuwarsa ba. A gidansa ya ajiye ɗakin aikinsa, kusa da matarsa da 'ya'yansa uku. Ya koyar a Kwalejin Zane ta Sarauta da ke Landan, ya tsara na'urar dafa gahawa wadda kamfanin Cona ya ƙera, ya kuma riƙa yi wa ƙungiyoyin agaji na al'ummarsa ta Yahudawa zane. Ya rasu a 1996.

Wani zai ce ai Games da sana'arsa ya shiga soja, ba bariki ya koya masa ba. Gaskiya ne, kuma nan ne darasin yake. Rundunar ta gano abin da ke hannunsa, ta yi amfani da shi, saboda haka ya fito da gwaninta da suna, bai fito yana lalube ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Cibiyar sake tsugunar da sojoji da ke Oshodi a Legas tana koya wa masu shirin ritaya sana'o'i, amma 'yan watannin ƙarshe ba su isa su mayar da mutum gwani ba. Kamata ya yi a san baiwar kowane soja tun yana da sauran shekaru a bakin aiki.

Ga 'yan kasuwa kuwa, lissafin a fili yake. Kayanmu da yawa, daga sabulu zuwa man gyaɗa, suna shan kaye a gaban na waje ba don rashin inganci ba, sai don rashin kyakkyawan tambari da mazubi. Kwamfuta ta rage tsadar zane, amma ba ta samar da basira ko cika alkawari. Mutumin da ya saba da kiyaye lokaci da isar da saƙo a taƙaice ya riga ya mallaki rabin abin da sana'ar talla ke bukata.

Saboda haka muna kira ga ƙungiyoyin 'yan kasuwa da masu maɗaba'u su buɗe wa 'yan mazan jiya ƙofar koyon aiki, su kuma ba waɗanda suka ƙware kwangila. Kafin a miƙa wa tsohon soja kulki da tocila, a tambaye shi abin da ya iya.