Takin da ke mutuwa a rumfar kasuwa

Ba shekarar da ruwa ya ƙi zuwa baki ɗaya ce kaɗai ke karya manomin Arewa ba. Sau da yawa damina takan sauka, a yi shuka, gero ya tsiro, sai sama ta ɗauke na mako biyu ko uku. A irin wannan tsaiko ne ake fatan ƙananan halittun da ke zaune cikin ƙasa su agaza, kuma fatan yana da tushe.

Duk wanda ya taɓa tuge gyaɗa ko wake ya ga 'yan ƙulle-ƙulle manne a saiwa. Gidajen bakteriyar rizobiyam ne, wadda ke ɗebo naitirojin daga iska ta ba shuka, shuka kuma ta biya ta da sukari. Akwai kuma wani naman gwari da ake kira maikoriza, mai zare siriri, wanda ke ratsa ƙasa ya jawo fosfaras da danshi daga inda saiwa ba ta kaiwa. Wasu bakteriyar suna sa saiwa ta yi tsawo da rassa. Wasu kuma suna rage sinadarin etilin da shuka ke fitarwa idan ta matsu, wanda yawansa ke tsayar da girman saiwa daidai lokacin da ya kamata ta nutsa neman ruwa.

Ƙasar da aka fi kafa hujja da ita ita ce Brazil, inda ake noma yawancin waken suya ba tare da takin naitirojin ba, sai dai a cuɗa iri da bakteriya. Wannan aiki ne ya sa Mariangela Hungria ta cibiyar Embrapa ta samu lambar yabo ta abinci ta duniya a 2025. A Najeriya ma, cibiyar IITA da ke Ibadan tana sarrafa NoduMax domin waken suya. Sai dai a lura: nasarar da ta tabbata a wuraren nan ta rage kuɗin taki ce. Batun jure fari kuwa, sakamakonsa ya fi kyau a ɗakin gwaji fiye da a gona, domin baƙuwar bakteriya sai ta yi gogayya da 'yan gida kafin ta samu wurin zama.

Babbar matsalar ma tana gaba da gona. Buhun yuriya zai jure zafin rumfa, amma abin da ke cikin wannan ƙunshi mai rai ne. Ya kwana a motar da ta taso daga kudu, ya yi watanni ƙarƙashin kwano a garin da zafin Afrilu ke haura maki 40, ya iso hannun manomi baƙin gari kawai. Da ido ba a bambanta mai rai da matacce. Manomin da ya saya bai ga komai ba, ba shi kaɗai aka rasa ba, har da maƙwabtansa. Shi ya sa ya kamata hukumomi su fara da gwada abin da ke kan kanta da tilasta rubuta ranar ƙarewar aiki, kafin bukin ƙaddamarwa da rabon ƙunshi.

Ko ya iso da ransa, sai ya samu abinci. Gonar da ake kwashe karanta kaf domin dabbobi da danga, a ƙone saura, ba ta bar wa waɗannan halittu komai ba. A nan manoman yankin Tawa a Nijar sun riga masana: ramukan tassa da suke haƙawa a ƙeƙasasshen fili, su zuba taki, suna tara ruwa, gara ta shiga ta buɗe ƙasa, rayuwa ta dawo. A irin wannan rami ya dace a fara gwada ƙunshin bakteriya, kusa da ramin da ba a sa masa ba, manomi ya auna da kansa idan kaka ta yi.