Gishiri ya rage maƙoƙo a Nijeriya, amma saura gwaji

A shekara ta 1993 ne Nijeriya ta wajabta sanya sinadarin aidin a cikin gishirin da ake sayar wa jama'a, a daidai lokacin da bincike ya nuna cewa kimanin kashi 20 cikin ɗari na waɗanda aka duba suna da maƙoƙo.

Zuwa shekara ta 2005, zamanin da Dora Akunyili ke shugabantar hukumar NAFDAC, an tabbatar da ƙasar a matsayin ta farko a Afirka da ta cimma burin wadata gidaje da irin wannan gishiri. Abin da ya sauƙaƙa aikin shi ne kamfanoni 'yan ƙalilan ne ke shigo da gishirin suna sarrafa shi, don haka sa musu ido bai yi wuya ba.

To amma nasarar ta zo da wani ruɗani. Har yanzu da an ga mace da kumburi a gaban wuya, sai a ce ƙarancin aidin ne, a ba ta shawarar ta canza gishiri, ko kuma a nufi wajen mai maganin gargajiya.

Alhali kuwa maƙoƙo alama ce kawai ta cewa halittar nan ta tayirod da ke gaban maƙogwaro ta kumbura, kuma dalilan suna da yawa. Wata tayirod aiki take yi fiye da kima, sai mai ita ya riƙa rama duk da yana cin abinci, ga faɗuwar gaba, da zufa, da rawar hannu, wani lokaci idanu su firfito. Wata kuma aikin ne ya yi ƙasa, sai kasala, da jin sanyi, da ƙiba, da rikicewar al'ada. A wasu 'yan ƙalilan kuma ƙullutun sankara ne. Ƙarin aidin ba lallai ne ya yi maganinsu ba, hasali ma yana iya tsananta na farkon.

Gwajin jini na TSH da hoton wuya su ne ke bambance su, sai dai galibi a manyan asibitocin birane ake samunsu, kuma majinyaci ne ke biya daga aljihunsa.

Wannan ba ya nufin an gama da ƙarancin aidin. Gishirin gargajiya irin na Keana a jihar Nasarawa, ko na Bilma a Nijar, ba ya bi ta masana'anta, sannan wanda ake aunawa a buɗe a kasuwa aidin ɗinsa na raguwa saboda rana da danshi. Rogon da bai jiƙu sosai ba shi ma yana hana jiki cin moriyar sinadarin.

Masu juna biyu ne suka fi shiga haɗari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce suna buƙatar maikirogiram 250 a kullum, maimakon 150 na sauran manya, kuma illar da rashinsa ke yi wa ƙwaƙwalwar ɗan tayi ba ta gyaruwa bayan haihuwa.