Maganin Natsuwa Ba Ya Koyar da Karatu

Idan likita ya tabbatar cewa yaro yana da larurar raunin mayar da hankali da yawan motsi, wadda ake kira ADHD, iyaye kan sami sauƙi a zuci, su ɗauka an gano bakin zaren. A ganina, wannan sauƙin ne ke sa a dakatar da bincike tun bai kai ƙarshe ba.

Kimanin yara 5 cikin 100 ne ke da wannan larura a duniya. Daga cikinsu, kashi 25 zuwa 40 cikin ɗari suna kuma fama da disleksiya, wato wahalar haɗa harafi da sautinsa. Wasu kuma lissafi ne ke gagarar su, ko rubutu. Nazarin da aka yi kan tagwaye ya nuna cewa akwai gado da larurorin biyu suka yi tarayya a kansa, shi ya sa suke yawan haɗuwa. Amma kowace da irin ɓarnarta. Mai ADHD kan tsallake layi saboda gaggawa, in ya natsu sai ya karanta daidai. Mai disleksiya ko ya natsu, kalmar ba ta buɗe masa ba.

Magani irin su Ritalin yana ƙara natsuwa, wannan ba a musunsa. Sai dai yaron da ya daina tashi daga kujera, har yanzu bai san yadda "b" da "a" ke zama "ba" ba. Malami kuwa, ganin an sha magani kuma maki bai ƙaru ba, sai ya koma ga tsohon hukunci: daƙiƙi ne, ko malalaci. Bulala ta biyo baya.

Akwai kuma akasin haka, wanda ya fi ɓuya. Yaron da karatu ke kunyata shi a gaban 'yan aji yakan fake da ƙiriniya. Shi ya sa ƙa'idar DSM-5 ta 2013 ta sharɗanta a ga alamun ADHD a wurare biyu ko fiye, kafin shekara 12. Wanda hankalinsa ke watsewa lokacin karatu kaɗai, amma yana natsuwa a gida da wajen wasa, karatun nasa ya kamata a fara dubawa.

Don haka duk yaron da aka samu da ɗaya, a gwada shi a kan ɗayar. In an tabbatar da disleksiya, abin da yake buƙata shi ne a koya masa sauti da harafi daki-daki, a gajerun darussa, ana maimaitawa.