Ayarin gishirin Bilma

Manoma da makiyaya, kantun da dabbobinku ke lasa, kun san inda ya fito? Daga Bilma, can ƙasar Kawar.

Da kaka Abzinawa ke ɗaura wa raƙuma kaya. Daga Agadas zuwa Bilma, ta Fachi, ya fi kilomita 500. A tsakani sai Tenere: rairayi zalla, ba haki, ba inuwa. Ciyawar raƙuma ma ɗauko ta ake yi, a aje wata bisa hanya saboda komowa. Madugu na gaba, yana duban rana da taurari. Ba a zango sai dare ya yi nisa. In aka kuskure rijiya, to, sai dai Allah.

Dā akwai wani icce da ke tsaye shi kaɗai a wannan daji, shi ma mota ta banke shi a 1973. Gungumensa na gidan tarihi a Yamai.

Me suke kaiwa Bilma? Hatsi irin namu. Shi suke musanyawa da gishiri da dabino, su gangaro Damagaram da rani.

Yanzu motoci sun rage ayari ƙwarai. In wani ya iso Matamaye, ya nemi sauka gonarka bayan girbi, bar shi: raƙumi ya ci kara, ya bar maka taki. Amma ku kashe maganar rumbu da rijiya tun ranar farko.