Idan ɗan takarar shugaban ƙasa ya zama kaya, ɗan majalisa ke ɗauka

Duk lokacin da zaɓe ya ƙarato, hirar da ake yi a majalisunmu na Lamisula da Hausari ba ta wuce wanda zai zama shugaban ƙasa, alhali kuwa mutumin da muke iya zuwa ƙofar gidansa idan an rushe mana rumfa ko an hana ɗanmu gurbin karatu shi ne ɗan majalisa. Shi kuma makomarsa sau da yawa tana hannun mutumin da jam'iyyarsa ta tsayar a sama, ko yana son sa ko ba ya so. Wannan abu ya taɓa faruwa a gabanmu a nan Borno, kuma akwai abin da ya shafe mu a ciki.

Idan mai karatu bai manta ba, a 2011 jam'iyyar PDP ta tsayar da Goodluck Jonathan, a daidai lokacin da mutane da yawa a Arewa ke ganin an saɓa yarjejeniyar karɓa-karɓa, tun da marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa bai cika ko wa'adi ɗaya ba. Duk da haka, a zaɓen majalisar tarayya da aka yi ranar 9 ga Afrilu, PDP ta ci kujerun sanata biyu daga cikin uku na Borno. Ali Ndume ya ɗauki Borno ta Kudu, marigayi Ahmed Zanna kuma ya kayar da gwamna mai ci, Ali Modu Sheriff, a Borno ta Tsakiya, wato mazaɓarmu. Mako ɗaya bayan haka, mutanen nan dai suka fita suka ba Muhammadu Buhari na CPC rinjaye a zaɓen shugaban ƙasa, sannan a ƙarshen watan suka ba Kashim Shettima na ANPP kujerar gwamna. Jam'iyyu uku a wata ɗaya. Haushin da ake ji na Jonathan bai shafi Zanna da Ndume ba, domin a ranar da aka zaɓe su babu sunan Jonathan a rumfar zaɓe.

A 2015 labari ya sha bamban. An haɗa zaɓen shugaban ƙasa da na majalisar tarayya rana ɗaya, aka ɗage shi daga 14 ga Fabrairu zuwa 28 ga Maris saboda matsalar tsaro, matsalar da mu mazauna Maiduguri ba sai an ba mu labarinta ba. A lokacin an sace 'yan matan Chibok, ƙananan hukumomi da dama sun faɗa hannun Boko Haram, garin nan ya cika maƙil da 'yan gudun hijira. A Katsina da Bauchi an jefi ayarin motocin shugaban ƙasa a watan Janairu. To ɗan majalisar PDP a Arewa ya rasa inda zai sa kansa: idan ya manna hoton Jonathan kusa da nasa, jama'ar mazaɓarsa su juya masa baya, idan ya ɓoye hoton, uwar jam'iyya ta ce yana mata zagon ƙasa ta hana shi kuɗin yaƙin neman zaɓe.

Masu hangen nesa tun da wuri suka tattara nasu ya nasu. A Nuwamban 2013 gwamnoni biyar suka bar PDP, ciki har da Rabi'u Musa Kwankwaso na Kano da Aliyu Wamakko na Sakkwato. A Disamba 'yan majalisar wakilai 37 suka bi su, a Janairun 2014 kuma sanatoci 11 suka rubuta takardar ficewa, Ndume na cikinsu. Ba ƙaramar kasada suka yi ba, domin sashe na 68 na tsarin mulki ya ce ɗan majalisar da ya sauya sheƙa ya rasa kujerarsa, sai fa idan jam'iyyarsa ta rabu. Amma sun auna, sun ga shari'a a kotu ta fi sauƙi a kan fushin masu zaɓe. Zanna ma daga baya ya bi sahu, ya sake cin zaɓe a APC, Allah Ya karɓi ransa kafin a rantsar da sabuwar majalisa.

Waɗanda suka tsaya kuwa guguwa ta yi awon gaba da su. A Borno Buhari ya samu ƙuri'u 473,543, Jonathan 25,640. Ahmed Makarfi, wanda ya yi gwamnan Kaduna shekara takwas, ya rasa kujerarsa ta sanata. Haka Bello Hayatu Gwarzo a Kano ta Arewa, haka Abdul Ningi a Bauchi ta Tsakiya. Gwamnoni masu ci irin su Babangida Aliyu na Neja da Isa Yuguda na Bauchi sun nemi majalisar dattawa sun sha ƙasa. Ba mu ce dukkansu waliyyai ba ne, wasunsu da ma jama'a na da ta cewa a kansu. Amma ba aikinsu aka auna a ranar ba. Kalmar nan ta "sak" ita ta yi aiki, aka dangwala wa tsintsiya daga sama har ƙasa, wani ma bai san sunan wanda ya zaɓa ba sai da aka faɗa a rediyo.

'Yan majalisa sun fahimci wannan sarai. Shi ya sa a 2018 suka yi wa dokar zaɓe gyara don a fara da zaɓensu, na shugaban ƙasa ya zo ƙarshe, Buhari kuma ya ƙi sa hannu. Aka ci gaba da haɗa su rana ɗaya a 2019 da 2023.

To mu ina ruwanmu? Ruwanmu shi ne ƙuri'a ce kaɗai wurin da ba a tambayarmu takardar shaidar zama ɗan asalin jiha. Akwai gidaje a unguwar nan da kakanni suka zo daga Kano ko Haɗeja ko Damagaram, aka haifi uba a nan, aka haifi ɗa a nan, amma ranar neman tallafin karatu ko aikin gwamnati sai a ce yaro ya koma garinsu ya karɓo takarda, garin da bai taɓa kwana a cikinsa ba. Sashe na 42 na tsarin mulki ya hana nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda asalinsa, amma gyaran da zai sa wannan ya zama gaskiya a ofisoshi sai ta hannun 'yan majalisa. Ɗan majalisar da guguwar wani ta kawo ba ya jin yana bin mu godiya, bashinsa na wurin mai guguwar. Wanda ɗan takarar jam'iyyarsa ya zame masa kaya kuwa, shi ne zai cire takalmi ya zauna a tabarmar mai unguwa, domin ya san ƙuri'a ɗari biyu a rumfa ɗaya na iya raba shi da Abuja.

Mun san wasu za su ce mutum irin wannan alkawarin tsoro yake yi, da ya haye zai manta. Sau da yawa haka ne. Amma wanda ya zo a tsorace aƙalla ya ji bukatarmu da kunnensa, a gaban dattawa, ana iya tuna masa bayan shekara huɗu. Saboda haka idan ya zo, kada mu ɓata zaman da tambayarsa game da ɗan takararsu na sama, wanda shi ma ƙila daga nesa yake hangensa. Mu tambaye shi matsayinsa kan ba wa wanda aka haifa a wuri haƙƙin ɗan wuri, da kuma abin da ya yi a kai a wa'adin da ya wuce.

Sannan iyaye maza su zaunar da iyalinsu, musamman mata da samarin da za su yi zaɓen farko, su bayyana musu cewa takardun ƙuri'a uku ake miƙa wa mutum a ranar: ta shugaban ƙasa, ta sanatan Borno ta Tsakiya, da ta ɗan majalisar wakilai na birnin Maiduguri. Babu dokar da ta ce sai an dangwala wa alama ɗaya a duka ukun, kuma ƙuri'a ba ta lalacewa don an bambanta.