Ina Rabon Moriki A Kuɗin Wutar Lantarkin Karkara?

Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi tsokaci a kan batun wutar lantarki a arewacin Jihar Zamfara, wato Moriki da Zurmi da Shinkafi da Ƙaura Namoda. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yawan labarin kuɗin da muke ji a rediyo. A watan Disamban 2023 Bankin Duniya ya amince da rancen dala miliyan 750 ga Nijeriya domin shirin DARES, wanda Hukumar Samar da Wuta a Karkara, REA, ke gudanarwa, da nufin kai wuta ga mutum miliyan 17.5. Sannan a Janairun 2025 shugabannin Afirka suka taru a Dar es Salaam suka yi alƙawarin wuta ga mutum miliyan 300 kafin shekarar 2030. To, tambayata ita ce, a cikin waɗannan miliyoyi, mu 'yan Moriki muna lissafi kuwa?

Da farko dai, gara mu daina ruɗin kanmu cewa tsohuwar hanya za ta fisshe mu. An kafa NEPA a 1972, aka sake mata suna PHCN a 2005, a Nuwamban 2013 kuma aka damƙa rabon wuta ga kamfanoni 11. Zamfara ta faɗa hannun kamfanin Kaduna tare da Sakkwato da Kebbi. A Janairun 2024 hukumar NERC ta rushe hukumar gudanarwar wannan kamfani saboda bashin da ya kai kimanin naira biliyan 110. Wanda bashi ya yi wa katutu haka, da me zai sayi turaku da waya ya ja zuwa ƙauyukan Zurmi?

Ƙari a kan haka, a Afrilun 2024 aka ɗaga wa masu rukunin A, waɗanda aka yi wa alƙawarin wuta ta awa 20 a rana, kuɗin ma'auni ɗaya zuwa naira 225 a lokacin. Ni ban ga laifin ɗan kasuwa ba idan ya tura hajarsa inda ta fi tsada. Amma ma'anar wannan tsari ita ce 'yar wutar da ake da ita birni za ta fara ƙosarwa, sai abin da ya rage ya gangaro mana. Ga shi kuma mu ne a wutsiyar layi. Wutar da ke isowa Gusau sai ta ratso Kaduna da Zariya da Funtuwa. Kowa ya ga abin da ya faru a Oktoban 2024 da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, yawancin jihohin Arewa suka shafe fiye da mako guda cikin duhu.

Saboda haka abin da ya dace da mu shi ne ƙaramar tasha mai aiki da hasken rana, wadda za ta ba gari guda wuta ba tare da jiran Shiroro ba. Rana kam Allah Ya hore mana ita. An kuma gwada an gani, domin tun 2019 aka buɗe irin wannan tasha a ƙauyen Rokota na Jihar Neja.

Amma fa a nan gizo ke saƙar. Ba gwamnati ce ke zuwa ta gina tashar ba. Kamfani ne zai zuba kuɗinsa ko ya ci bashi, ya kafa faranti da batura, ya ja waya gida gida, sai an zo an tabbatar da yawan gidajen da ya haɗa sannan a biya shi tallafi. Ke nan kamfanin ne ke zaɓen garin da zai shiga. Edita, ka sa kanka a matsayinsa. Ga gari a Neja ko Nasarawa inda injiniyansa zai kwana lafiya, ga kuma hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi da kowa ya san halin da 'yan bindiga suka jefa ta. Ina zai nufa? Ko ya yi ƙarfin hali ya zo, galibin mitocin nan da layin waya suke aiki, mu kuwa ba mu manta da Satumban 2021 ba, lokacin da aka katse layukan sadarwa a Zamfara baki ɗaya. Idan aka bar tsarin haka, kuɗin da aka ciwo bashinsu da sunan talakan karkara za su ƙare a inda ake zaune lafiya, alhali ranar biya da mu za a biya.

Kada kuma wani ya ce mutanenmu ba za su iya biyan kuɗin wuta ba. Ai biya muke yi, da tsada ma. Mai injin niƙa da mai walda da mai cajin waya da mai sayar da ruwan sanyi duk da mai suke aiki, tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 kuwa ribar tasu gidan mai take tafiya. Matan aure masu ƙulla zoɓo da kunun aya sai sun sayi ƙanƙara. A tara abin da kasuwar Shinkafi kaɗai ke ƙonawa a janareto a wata guda, a gani in bai riƙe tasha ba.

Yanzu gwamnatin jiha ba ta da hujjar cewa wuta aikin Tarayya ne. An gyara tsarin mulki a Maris na 2023, aka kuma sa hannu a sabuwar dokar wutar lantarki a Yunin 2023, wadda ta ba jihohi ikon samar da wuta da rarraba ta. (Ko madatsar ruwan Bakolori da aka gama a 1978 an yi ta da ƙananan injinan ba da wuta, amma wannan zance ne na wata rana.) Abin da nake roƙon Mai girma Gwamna Dauda Lawal shi ne ya ɗauke wa kamfanonin nan wani kaso na kasadar. A ba su fili kyauta kusa da inda jami'an tsaro suke. A yi yarjejeniya a rubuce cewa asibitin gari da famfunan burtsatse da makarantu za su sayi wuta daga tashar, gwamnati ta riƙa biya kan kari, domin da irin wannan takarda ce kamfani ke samun rance a banki. Ƙananan hukumomi ma, da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Yulin 2024 cewa a ba su kuɗinsu kai tsaye, su kawo nasu kason. Iyayenmu sarakuna kuma su tsaya a kan tsaron kayan da kuma sasanta farashi da jama'a.

Daga ƙarshe ina kira ga wakilanmu a Majalisar Tarayya da su je ofishin REA a Abuja su karɓo jerin garuruwan Zamfara da aka sa a shirin DARES, a karanta mana shi a rediyo, gari bayan gari. Idan babu Moriki da Zurmi da Shinkafi a ciki, a gaya mana dalili tun kuɗin ba su ƙare ba.



Daga mai karanta jaridarku a kullum,
Moriki, Ƙaramar Hukumar Zurmi,
Jihar Zamfara.