Samari, A Yi Hattara Da Tsohon Dogon Babur

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana da samarinmu na Illela da ƙauyukan da ke kewaye, kamar su Araba da Kalmalo da Gidan Hamma, har da 'yan uwanmu na Gada da Gwadabawa, a kan wani ciniki da nake gani yana cinye gumin talakawa ba tare da kowa ya ce uffan ba.

Ni dai sana'ata sayar da kayan babur ce, kuma rumfata tana kusa da ta bakanike, saboda haka duk babur ɗin da ya gaji a yankin nan sai labarinsa ya iso kunnena. Abin da nake nufi shi ne tsofaffin dogayen baburan nan masu tsawon ƙafa da tayoyi masu ƙuraje, irin su Yamaha DT 125 da Honda XL 125, waɗanda aka fara ƙera irinsu tun shekarun 1970, muka kuma saba ganinsu ƙarƙashin malaman gona da malaman dabbobi da ma'aikatan furoje na can tsallaken iyaka. Idan suka gama aikinsu sai a yi gwanjonsu, su yi ta yawo daga hannu zuwa hannu, har su faɗo hannun yaron da ya sayar da albasarsa ta shekara guda, ko ragunan da uwarsa ta yi masa kiwo, yana neman babur na farko a rayuwarsa.

Ba zan ɓoye gaskiya ba, babur ne na ƙwarai lokacin da yake da ƙuruciya. Mutanen Japan suka ƙera shi domin hanyar da ba ta da kwalta. Ƙafar gaba ta DT inci 21 ce, alhali ta Boxer inci 17 ce, shi ya sa idan aka shiga rairayi ko aka zo tsallake kwazazzabo da damina, sai dogon ya wuce abinsa ya bar gajeren yana ta tono ƙasa. Wanda ya taɓa ganin haka da idonsa dole ransa ya biya. Ga shi kuma tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, darajar Naira ita ma ta faɗi, sabon babur ya fi ƙarfin yawancin samarinmu. Sai dillali ya zo da tsohon DT an wanke shi an shafa masa mai, ya ce, “Wanga ai ba ya mutuwa, irin nasa anka daina yi.” To rabin maganarsa gaskiya ce, an daina kawo irinsa kasuwarmu, kuma nan ne ciwon yake.

Jama'a, kuɗin da ka miƙa wa dillali ba shi ne kuɗin babur ba. Kuɗin babur shi ne abin da za ka yi ta kashewa daga ranar da ka hau shi har ranar da ka rabu da shi. Idan fistin ɗin Boxer ko TVS ko Jincheng ya lalace da safe, kafin azahar an sa sabo, domin kowace rumfa tana da shi, kowane yaron bakanike kuma ya iya kwance shi ko da ido rufe. Amma ka zo mani neman fistin da rin na DT, ko sufuroket ɗin baya, ko taya mai inci 21, sai dai in ce maka Allah ya ba da sa'a. Dole ka kama hanyar Sakkwato, tafiyar sama da kilomita 80, in ba a dace ba a aika Kano. Wani kuma ya ce a tsallaka Ƙwanni, to can da sefa za ka saya, kowa kuwa ya san yadda jikka ɗaya take haɗiye Naira yanzu. Sannan iyakar nan ba kullum take buɗe ba. An rufe ta a watan Agustan 2019, ba a buɗe ba sai Disambar 2020. Aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, sai Maris na 2024 Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren. Ashe ka ga wanda ya dogara da tsallake domin kayan gyara, babur ɗinsa zai iya shafe watanni a jingine a zaure, kaji suna kwana a kansa.

Wani zai ce ai don kayan Boxer nake sayarwa shi ya sa nake kushe dogon babur. To ai da riba nake bi, da na yi shiru, domin mai tsohon babur ya fi kowa zarya a rumfar mai kayan gyara.

Sai maganar mai. Injin DT irin mai haɗa fetur da baƙin mai ne yana ƙone su tare, shi ya sa yake hayaƙi, kuma ya fi su Boxer shan fetur. Yana da ɗan tankinsa na baƙin mai daban, da ɗan famfo mai tura man cikin inji. A yawancin tsofaffin da ake kawowa famfon ya daɗe da mutuwa, an cire shi, sai mutum ya riƙa zuba man da hannu cikin tankin fetur. Gogagge ba ya mantawa. Amma sabon shiga, ranar da ya sha mai a bakin hanya cikin gaggawa ya manta bai zuba ba, kafin ya kai Gwadabawa fistin ya kama, shi ke nan an koma gidan jiya. XL kuwa ba ya haɗa mai, amma idan kan injinsa ya cinye, gyaransa ya fi na DT ɗaci.

Ban da wannan, me saurayin ƙauye yake so da babur? Ya ɗauki buhu zuwa kasuwar Lahadi, ya kai tsohuwarsa asibiti, ya ɗan taɓa kabu-kabu idan rani ya yi. Dogon babur mazauninsa siriri ne, babu wurin ɗaura kaya na kirki, salansa kuma a sama take kusa da ƙafar wanda aka goya. Wace dattijuwa ce mai zane za ta iya hawa wannan raƙumi? Shi kansa mai koyo, idan ƙafafunsa biyu ba su taɓa ƙasa sosai ba, da ya danna birkin gaba cikin rairayi sai ka ji tim, ga ƙarfe a kan ƙauri.

Abin da ya fi tayar mani da hankali shi ne takardu. Babur ɗin da ya bi hannu biyar ko shida, ya kuma tsallako iyaka ta barauniyar hanya, da wuya ka same shi da takardar kwastan da rasit na asali. A da ana yi wa wannan riƙon sakainar kashi, yanzu kuwa zamani ya canja. Kowa ya san da babura 'yan bindiga suke yawo, shi ya sa a shekarar 2021 gwamnatocin Sakkwato da Zamfara da Katsina suka kafa dokoki a kan goyon mutum uku da sayar da fetur a jarka. Yaro baƙo a kan babur na shiga daji, babu lamba, babu takarda, idan aka tare shi a shinge, da wane baki zai yi bayani? In kuma na sata ne, mai shi ya gane abinsa a kasuwa, ba dillali za a kama ba, wanda aka samu a kai shi ne ɓarawo.

Duk da haka ban ce kowa ya guje shi ba. Wanda gonarsa ko garkensa yake inda mota ba ta zuwa, ya riga ya iya tuƙi, yana kuma da bakanike da ya san injin, to wannan yana da hujja. Shi ma kada ya yi cinikin biri a sama. Ya je da sassafe ya ɗora hannu a kan injin, in ya ji ɗumi to an riga an tayar da shi domin a ɓoye wahalar tashinsa, ya ce zai dawo gobe. Ya taka kik a hankali ya ji ko akwai ƙarfi, in ya tafi salalaf kamar an taka auduga, fistin ya gama. XL idan yana fitar da shuɗin hayaƙi yana shan baƙin mai ke nan, kada a ce masa ai haka suke. Ya buɗe gidan soson iska, domin in babu soso a ciki, to ƙurar hunturun shekaru ta riga ta shige ta goge cikin injin. Ya sa a ɗaga tanki ya duba ko an taɓa yi wa ƙashin babur ɗin walda, ya girgiza ƙafafun ya ji ko suna wasa, ya dubi haƙoran sufuroket ko sun lanƙwashe kamar lauje. Daga nan ya gwada lambar inji da ta jiki da abin da ke rubuce a takarda, harafi da harafi, in bai iya karatu ba ya tafi da wanda ya iya. A rubuta takardar ciniki gaban shaidu biyu, zai fi kyau a ce mai unguwa ya sani. Kuma kada ya zuba duk abin da ke aljihunsa, ya rage na gyaran farko, domin babu makawa sai an yi shi.

Ga mai koyo kuwa, shawarata ita ce ya nemi gajeren babur na hannu irin wanda ya cika gari, ko da fentinsa ya koɗe, ya sayi hular kwano da ragowar canjin. In ya shekara biyu yana hawa, hannunsa ya faɗa, har yanzu kuma ransa yana kan dogon, sai ya sayar da gajeren, ranar Lahadi ɗaya ta isa ya sami mai saye.

Ina kuma kira ga shugabannin 'yan kabu-kabu da na dillalan babura na nan Illela da su ajiye littafi, duk babur na hannu da za a sayar a rubuta lambar injinsa da sunan mai sayarwa da garinsu kafin a karɓi la'ada. Da fatan Edita zai taimaka ya buga mani wannan wasiƙa kafin a fara cire albasa kuɗi su shigo hannun yara.

Naku,
Mai sayar da kayan babur,
Illela, Jihar Sakkwato.